Wa Zai Tsaya wa Baba Isha'aku

"Ɗago shi kaɗan, numfashin ke sarƙe masa," in ji Bashira.

Muntaka ya tallafo maƙwabcinsu Baba Isha'aku, ya jingina shi da bango. Wayyo, mutum ya koma kamar kara! Ɗakin langa-langa ne a bayan wani sito a unguwar Khumra ta Jidda, ga rana ta take, fanka na juyi amma zafi kawai take tura musu. Bashira, matar Muntaka, ta miƙo kofin ruwa. Tsohon ya kurɓa, ya yatsine fuska.

"Ruwan inji," ya ce. "Shekara goma sha tara ina shan tekun da aka cire wa gishiri. A tumbunmu kana cikin kwalekwale za ka sa hannu ka ɗiba, ka ji sanyi har cikin ƙashi."

Tumbu shi ne ɗan tsibirin da aka haife shi a tafkin Chadi, gidajensa ba su kai arba'in ba. Daga can ya zo aikin hajji ya maƙale a Jidda, yana yi wa masunta facin raga. Unguwar nan kaf an haddace labarin tumbun, har in ya buɗe baki sai a ce to, an shiga jirgi. Yau kam Muntaka ba labari ya kawo shi ba. Tun jiya wata tambaya ke cin ransa.

"Baba, fasfonka fa, ina yake?"

"Na ƙone shi."

"Ka ƙone?"

"Ran da jirgin alhazanmu ya tashi ba ni. Haka kowa ke yi a lokacin, don in an kama ka a rasa inda za a tura ka."

Muntaka ya san ƙarshen irin wannan. Wanda ya rasu ba takarda, firjin asibiti ake kai shi, ya yi wata da watanni, sai wani ya je gaban 'yan sanda ya ba da shaidar ya san shi, ya san ƙasarsa. Mai shaida kuwa, kafin ya ce uffan iƙamarsa, wato takardar izinin zama, za a nema. Ta Muntaka ta mutu wata takwas ke nan, tun da kafilinsa, Balaraben da ya ɗauki nauyin zamansa, ya rufe kanti ya yi ɓatan dabo.

"Na wace ƙasa ne fasfon, Baba?"

"Nijar suka rubuta. Mu dai ruwa muka sani." Tsohon ya lumshe ido. "Ka taɓa ganin shanu na iyo, Muntaka? Namu ƙetarawa suke zuwa kiwo, ba ka ganin komai sai hanci da ƙahoni. Da yamma hayaƙin banda ya rufe gari. Ba ƙofar da ke da kwaɗo, wa zai yi sata, ya gudu ta ina? Wallahi har sauronmu nake kewa."

Bashira ta yi dariya tana share hawaye da gefen mayafi.

"An ce yanzu ruwan ya ja baya, mota ke shiga har ƙofar masallaci. Shi ya sa ban koma ba." Ya lalubo hannun Muntaka ya riƙe gam. "A can in mutum ya cika da hantsi, kafin azahar an rufe shi. Kada ka bari su sa ni a ƙanƙara. Mu ko kifi ba ma yi wa haka."

Muntaka ya dubi hannun da ke riƙe da nasa. Tsoro yake ji, tsoro na gaske. Sai kawai ya shiga laƙƙana masa kalmar shahada, tsohon na bi a hankali. Ana kiran la'asar ya cika.

Muntaka ya shafe masa idanu, ya ja zane ya rufe shi, ya fito. Bashira ta tare shi a bakin ƙofa.

"Baban Fatu, ina za ka?"

"Kin sani."

"A nemi mai iƙama mana! Ga Abdulghani direba."

"Na je masa tun jiya. Ya ce shi gaisuwa ce kawai tsakaninsu."

"To kai ne ɗansa? In ka shiga ofishin 'yan sandan nan ba za ka fito ba, sai jirgin gida. 'Ya'ya uku za ka bar mini a ƙasar mutane!"

"Bashira, ran sunan Fatu wa ya yi mata huɗuba?"

Ta dube shi, ta dubi labulen ɗakin mamacin, sannan ta juya ta shige nasu ɗakin ta turo ƙofa. Muntaka ya tsaya a rana. Ya ce a ransa in ta fito ta sake roƙonsa, ba shi da tabbacin zai iya tafiya.

Ta fito da leda a hannu. Rigunansa biyu ne a ninke, da maganin ciwon cikinsa, da hoton yaran. Ta miƙa masa ba ta ɗago kai ba.

"Yalla, je ka," ta ce. "Kada rana ta faɗi yana kwance."

Ya karɓa. Ya bi ta gefen sito ya fita bakin titi, ya tsaya jiran mota, ledar na rungume a ƙirjinsa.