Ƙarfe Nawa A Can?

"Sa hannu a nan, Baba, da nan, sai kuma ƙasan shafi na uku."

Auta ta ɗora fom ɗin a kan jakarta, ta miƙa masa biro. Su uku ne zaune a kan dogon bencin ƙarfe na ofishin biza, ita da mahaifinta da mahaifiyarta. Tun a bakin ƙofa aka karɓe musu wayoyi aka ba su lamba arba'in da ɗaya. Allon da ke jikin bango yana nuna ashirin da tara.

Baba Acan ya ciro tabarau ya goge da bakin rigarsa. Mutumin da ya shekara talatin yana gyaran agogo ba ya sa hannu a kan abin da bai leƙa cikinsa ba. Ya bi layukan da yatsa har ya iso tambaya ta goma sha huɗu: Ka taɓa zuwa ƙasarmu? Auta ta cike masa da rubutunta mai tsabta: E, shekara biyu. A ƙasan shafin kuwa, da manyan baƙaƙe, an rubuta cewa duk wanda aka samu da bayanin ƙarya za a hana shi shiga na shekara goma, shi da wanda ya cike masa.

Ya janye yatsansa daga kan takardar.

Ba a banza ake ce masa Baba Acan ba. Ba a yin hira ta minti biyar a shagonsa bai ce "ai a can" ba. Idan wuta ta ɗauke, ai a can ba a taɓa ɗauke ta. Idan bas ta makara, ai a can da jirgin ƙarƙashin ƙasa mutane suke saita agogonsu. Can ɗin nan shi ne babban birnin nan da kowa ya sani ko da a kalanda ne, mai doguwar gada da gine-ginen da sai hula ta faɗi kafin a ga ƙarshensu. A bangon shagon akwai agogo guda da ba na sayarwa ba ne, kullum yana bin lokacin can. Tun Auta tana 'yar firamare, in ta dawo makaranta, kafin ta aje jaka sai ta ce, "Baba, ƙarfe nawa a can?" Shi kuma ya faɗa mata ba tare da ya ɗaga kai ba, har ya ƙara da abin da mutanen can suke yi a daidai wannan lokacin.

Yanzu ta girma ta zama nas a babban asibiti. Shekara uku tana tara hutunta don ta kai iyayenta kwana goma, tsohon ya sake ganin birninsa kafin gwiwa ta gama ƙi. Baɗi kuma asibitin zai tura ta kwas na wata shida a birnin, sunanta ne na farko a jerin.

Matsalar ɗaya ce kawai. Ƙafar Baba Acan ba ta taɓa taka birnin ba.

"Biron nan ba ya yi," ya ce.

"Yanzu fa na yi rubutu da shi." Ta karɓa ta zana a tafin hannunta, ya fito raɗau. "Ga shi."

Allo ya yi ƙara. Talatin da ɗaya.

"Bari dai na gama karantawa. Kin san mutanen can, ba sa son gaggawa."

Auta ta yi dariya ta ƙyale shi, ta buɗe ɗan littafin da ta tsara tafiyar a ciki. Wata biyu ke nan ba ta rabuwa da shi, har gefensa ya yi laushi. "Mama, saurara ki ji. Ranar farko gada. Rana ta biyu layin da Baba ya zauna, gidan nan mai jar ƙofa. Na duba taswira, layin yana nan, sunansa ma bai canza ba. Daga nan sai shagon shayin tsohuwar nan mai ido ɗaya. Na san ta rasu, amma ƙila 'ya'yanta suna nan. Baba, in suka gan ka za su gane ka kuwa?"

"Shekarun da yawa," ya ce.

Malama, matarsa, wadda ta yi ritaya daga koyarwa amma ba ta yi ritaya daga kallon da ke sa yaro ya fito da abin da ya ɓoye ba, ta dube shi ta saman tabarau. 

Gaskiyar ita ce, yana ɗan shekara ashirin da huɗu ya samu aiki a ɗakin wanki na wani jirgin ruwan dakon kaya. Shekara biyun nan a kan ruwa ya yi su, tsakanin tururi da zannuwan gado. Sau ɗaya jirgin ya tsaya a tashar birnin, kwana goma sha tara ana gyaran inji. Takardun ƙananan ma'aikata suna kulle a akwatin kyaftin, ba wanda aka bari ya sauka. Kullum in ya gama aiki sai ya hau sama ya jingina da ƙarfe yana kallon gadar da motocin da ke bi ta kanta kamar tururuwa. Jar ƙofa da tsohuwa mai ido ɗaya na kukun jirgin ne, shi ne ya taɓa zama a can. Taswirar birnin ma a hannunsa ya saya, ya haddace ta layi-layi. Da ya dawo gida, wani ya tambaye shi a gaban mutane, "Ya birnin?" Ya ce, "Sai wanda ya gani." Daga wannan 'yar kalma abin ya yi ta tsiro yana reshe, har ya zamo shi kansa wani lokacin yakan ji ƙamshin shayin.

Wata hayaniya ta tashi daga wajen tagogin gilashi. Wani mutum mai ƙiba cikin kwat ya fito yana kaɗa takarda, mai gadi na biye da shi.

"Abin shekara ashirin da biyu! Wa zai tuna? Na ce ban taɓa nema ba, mantawa na yi!"

"Kai ka manta, na'urarsu ba ta manta ba," in ji wata mata a bencin baya. Aka yi 'yar dariya ta tsoro, kowa ya sake duba fom ɗinsa.

Zufa ta karyo wa Baba Acan duk da sanyin na'urar da ke busawa a kansa. Ya fara lissafi irin na marar gaskiya. Shekara arba'in, lokacin ai babu kwamfuta. Ƙila ba su duba. Ƙila su duba. In ya sa hannu aka wuce, sai ya ce birnin ya canza, an rushe gidan, an tashi shagon. In kuma aka kama, ba shi kaɗai zai sha ba. Ya dubi yatsun Auta a kan littafin, farcenta a yanke ƙwal irin na masu aikin asibiti. Ya ɗora bakin biro a kan layin.

Talatin da biyar.

Wata ma'aikaciya da ke zagawa tana duba takardu ta tsaya a kansu. "Hoton nan naki bai yi ba, kunnenki ɗaya bai fito ba. Ga mai hoto can a lungu, yi sauri."

Auta ta zabura ta tafi, ta bar musu jaka da littafi.

Malama ta jira har ta ɓace. Sannan ta buɗe jakarta ta ciro wani ɗan littafi shuɗi da ya kode, ta aje a kan gwiwarsa, a kan fom ɗin. Littafin shaidar ma'aikatan jirgin ruwa ne, wanda ya ce wa yara tsohon fasfonsa ne, ya ɓata tun kafin a haife su.

"Ina kika samo wannan?"

"A cikin tsohuwar akwatinka, watanmu biyu da aure. Na iya karatu ai, Baban yara. Babu hatimin shiga ko ɗaya a ciki."

Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. "Shekara talatin da shida kina ji ina…"

"Ina ji. Har gyara maka nake yi in ka manta launin ƙofar. Ba ka cuci kowa ba, kuma hirar tana da daɗi, shi ya sa na bar ka da abinka." Ta rage murya. "Amma wannan takardar da sunan yarinyar nan a jiki. Ba zan faɗa mata ba, ba bakina ne ya fara ba. Hannunka ne, bironka ne."

Ta mayar da kallonta ga allo kamar ba ita ta yi magana ba.

Talatin da takwas.

Auta ta dawo da gudu-gudu tana hura hotunan. "Baba! Har yanzu? Saura mutum uku fa!"

Ya cire tabarau ya riƙe a hannu, don ya fi sauƙi in bai ga fuskarta sosai ba.

"Zauna, Auta. Lamba goma sha huɗun nan, gyara za ki yi. Sa a'a."

"A'a kamar yaya? Don tsohon fasfon ya ɓata? Ba komai, sai mu yi musu bayani."

"Ban taɓa shiga birnin nan ba." Ya miƙa mata shuɗin littafin. "A jirgin ruwa na yi aiki, wanki nake yi. Mun tsaya a tasharsu kwana goma sha tara, ba a bar mu mun sauka ba. Daga kan jirgi na gan shi. Iyakarta ke nan."

Ta yi murmushi tukuna, tana jiran ƙarshen wasan. Da ta ga babu, ta juya ga mahaifiyarta. Malama ta sunkuyar da kai. Auta ta buɗe littafin, ta ga hoton wani siririn saurayi mai manyan kunnuwa, ta bi shafukan ɗaya bayan ɗaya har bango.

"Gidan mai jar ƙofa fa?"

"Na kukunmu ne."

"Tsohuwar?"

"Ita ma."

"Ranar da dusar ƙanƙara ta rufe ka a tashar jirgin ƙasa, wani ɗan sanda ya ba ka safar hannu?"

Ya kawar da kai. Wannan shi ya ƙirƙira da kansa, kuma ita ce Auta ta rubuta a gasar insha'i ta aji shida ta ciyo kofi. Kofin yana nan a shago, kusa da agogon.

Arba'in.

Idanunta suka kawo ruwa, amma ba ta bari ya zubo ba. Haushi ne ya fi yawa, irin na wanda aka bari ya yi ta zuba a gaban mutane. Duk asibitin an san mahaifinta ya zauna a can. Ta fizgi biron, ta ja layi biyu a kan amsar, ta rubuta A'a, ta sa harafin sunanta a gefe kamar yadda suke yi in an gyara takardar majiyyaci.

"Sa hannu," ta ce, ba Baba, ba komai.

Ya sa a wurare ukun. Allo ya nuna arba'in da ɗaya.

A taga ta huɗu wani matashin jami'i ne a bayan gilashi, fuskarsa ba yabo ba fallasa. Ya juya shafi, ya tsaya a kan gyaran.

"An canza amsar nan. Me ya sa?"

Auta ta buɗe baki, Baba Acan ya riga ta. "Laifina ne, ba nata ba. Abin da na gaya mata ta rubuta." Ya tura shuɗin littafin ta ƙarƙashin gilashi. "Na zo bakin tasharku shekara arba'in da suka wuce, ban sauka ba."

"An hana ka shiga ne?"

"Ban ma samu na nema ba. Takardunmu suna wajen kyaftin."

Jami'in ya daɗe yana danna na'ura. Baba Acan yana jin bugun agogon hannunsa kamar guduma. Can sai mutumin ya haɗa fasfo ukun ya ɗaure da roba, ya jefa a kwando.

"Za a duba. Ku dawo bayan mako biyu."

Bai ce an ba su ba, bai ce an hana ba.

A cikin bas Malama ta samu wuri a gaba, ta bar su su biyu a kujerar baya, kuma da gangan ta yi. Auta ta zauna jikin taga ta juya masa ƙeya. Sun wuce kasuwa, sun wuce gidan mai. Sai ta ciro littafin tafiyar ta buɗe a kan cinya. Ta ja layi a kan rana ta biyu. Ta ja a kan ta uku. Ta huɗu, tashar da ɗan sanda ya ba da safar hannu, sai da biron ya huda takardar. Kowane layi Baba Acan yana jin sa a ƙirji, kuma ya san bai da bakin cewa ta bari.

Ta koma shafin farko ta tsaya, biron na rataye a kan ranar farko.

"Gadar fa?" ta ce, ba ta dube shi ba. "Ita ma ta kuku ce?"

"Gadar tawa ce. Kwana goma sha tara ina kallonta, safe da yamma. Ƙafafunta takwas, ta uku daga hagu an yi mata faci da wani ƙarfe mai duhu. Fitilunta daga tsakiya suke fara kamawa, sannan su bazu gefe-gefe." Ya dubi tafin hannunsa. "Amma daga ƙasa na san ta. Ban san yadda samanta yake ba."

Auta ta daɗe tana kallon shafin. Ba ta ja layin ba. Ta rufe biron, ta zura shi cikin littafin, ta mayar da fuskarta ga taga. Bas ta tsaya, wasu suka sauka, wasu suka hau, kwandasta ya buga ƙofa aka ci gaba.

Sun kusa layinsu ta yi magana, murya ƙasa-ƙasa, har yanzu tana kallon waje.

"Ƙarfe nawa a can?"

"Tara da kwata na safe," ya ce, bai ko dubi hannunsa ba.

Ta jira ya ƙara da abin da mutanen can suke yi yanzu, kamar kullum. 

"Sauran ban sani ba," ya ce. "Sai mun je."