Jar Wuta a Ƙeya

Karo na biyu ke nan Bakanike yana hawa matakalar shagon fitilu, kuma gwiwoyinsa ba su yafe masa hawan farko ba. Ya dire leda a kan kanta, ya sauke ajiyar zuciya, ya ce, "Ga kayanka. Canji nake so."

Mai shagon, wani ƙato mai tumbi da son surutu, ya zaro fitilar goshi daga ledar yana jujjuyawa. "Haba maigida! Ai da hannunka ka zaɓa. Na nuna maka ƙananan, ka ce na wasan yara ne."

Gaskiyarsa kuwa. Auta ce, 'yar Bakanike ta ƙarshe, ta ƙulla niyyar shiga aikin kashe gobara, kuma ba a ɗaukar mutum sai ya ci gwajin gudu. Da rana tana aiki a gidan burodi, da yamma ta dawo a gajiye liƙis, ba ta da lokacin motsa jiki sai da asuba, titi da sauran duhu. Ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya sa uwarta ta yi nata, duk a banza. Ranar da ta faɗa kwalbati ta dawo da gwiwa a ɗaye, ya ce to, in dai sai an yi, a yi da haske. Ya zo ya zaɓi irin wadda ya sani, irin wadda yake shiga ƙarƙashin mota da ita: mai nauyi, mai ƙaton batir, mai hasken da zai nuna maka noti ko ya faɗa cikin baƙin mai.

Bai tuna cewa shi a kwance yake aiki da tasa ba. Shekaranjiya ya leƙa ta taga, ya ga Auta ta dawo da fitilar a hannu, a kashe, goshinta ya tasa. Ashe dukanta take yi in tana gudu, yarinyar kuma tana jin nauyin gaya masa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Duk kwanakin nan a duhu take gudunta, kyautarsa ta zame mata kaya.

Mai shagon ya jero wasu ƙanana a gabansa, dukkansu da wayar cajin waya ake cika su. "Amma fa fitilar gudu ba a tsaye ake zaɓarta ba. Ɗaura ka gwada. Ga lungun da nake ajiye kwalaye can baya, ƙwan wurin ya mutu, duhu kamar cikin tulu."

"Ni? Rabona da gudu tun ranar da jak ya zame mini."

"To yau ma ka ɗauka ya zame."

Wai ka ga dattijo da rigar aiki duk maiƙo yana sassarfa tsakanin kwalaye! Ta farko ta sulluɓo masa kan hanci. Ta biyu ta matse masa kai kamar ya yi laifi. Numfashinsa ya fara sama-sama, gwiwoyin nan suna ƙara, yana tsine wa gudu da wanda ya ƙirƙiro shi. Ta uku ce ta zauna daram, bai ma ji yana ɗauke da ita ba.

Daga bakin lungun mai shagon ya tuntsire da dariya. "Maigida, ga ka can kana ƙyaftawa ta baya kamar motar da ta lalace a hanya!"

Bakanike ya jingina da bango, ya ciro fitilar. A bayan maɗaurin, daidai ƙeya, wata 'yar jar wuta ce take kamawa tana ɗaukewa.

"Wannan kwalliya ce kawai," in ji mai shagon. "Cin caji take yi, kuma hasken gabanta bai kai na sauran ba. In ta ni ne, ka ɗauki ta biyun, a sassauta maɗaurin."

Duk tunanin Bakanike tun farko kwalbatin da ke gaban Auta ne, bai taɓa waiwayawa ba. Alhali wa ya fi shi sanin abin da ke biyo mutum ta baya? Motoci nawa suke fita daga garejinsa da ido ɗaya, mai ita ya ce a bar fitilar sai wani jiƙon? Bamba nawa ya miƙar da gudumarsa bai tambayi abin da aka buga ba? Ya ji gajiyar duniya ta sauko masa a kafaɗu.

"Ita nake so," ya ce.

A gida Auta ta ɗaura, ta girgiza kai, ta yi tsalle a tsakar ɗaki. "Baba, wallahi kamar ba komai a kaina!" Sai ta lalubo maɓallin baya. "Wannan jar dai zan riƙa kashe ta, caji ya daɗe."

"A'a," ya ce. "Ta gaban taki ce, ki yi yadda kika ga dama da ita. Ta bayan nan tawa ce. Kar ki taɓa."

Da asuba ya tsaya a ƙofar gida yana dafe da ƙugu, yana kallon jar wutar tana ƙanƙancewa a gefen titi. Can sai ga wata tsohuwar mota ta wuce shi a guje, ido ɗaya, ta nufi inda yarinyar take. Ya ga wutar birki ta kama, motar ta karkata ta ba ta wuri, ta wuce. Jar wutar tana nan tana ƙyaftawa.

Ya zauna a kan dakali. Daga ciki uwar Auta ta ce ya shigo shayi zai huce.

"Bar shi ya huce," ya ce. "Sai ta dawo."