Motar da Ba Ta Faɗi Ba

Tasin ta wuce ƙofar gidan Manaja ba ta tsaya ba. Yana tsaye a baranda tun hantsi, yana jiran 'yarsa Auta, wadda rabonsa da ita wata bakwai, tun da aikin jinya ya kai ta wani gari ita da mijinta. Yana kallo motar ta ƙara gaba kaɗan, ta tsaya a ƙofar maƙwabcinsa Mai Burki. Auta ta fito da ƙyar, hannu ɗaya a ƙugu saboda cikinta ya tsufa, ta ɗago wa mahaifinta hannu daga nesa, ta shige gidan mutane har da jakarta.

Ya koma falo ya zauna ya kunna rediyo, ya kashe. Matarsa ta ce ya yi haƙuri, ai ya san likita ya sallamo Mai Burki tun makon jiya, ƙodarsa ta daina aiki, an ce a kai shi gida kawai. Manaja ya ce shi ma hawan jini gare shi, amma bai ga wanda ya sauka a ƙofarsa ba. Matar ta dube shi, ta koma kicin.

Shekara ashirin da shida ke nan da abin ya faro. A lokacin su biyun kanikawa ne a garejin wani kamfanin sufuri, ramin gyaran mota ɗaya suke shiga, kwano ɗaya suke ci. Ba a fara kiransa Manaja ba tukuna, Gajere ake ce masa. Abokin nasa kuwa shi ke duba burkin kowace bas kafin ta hau hanya, shi ya sa sunan ya bi shi. Wata Asabar aka kawo bas mai lamba tara. Mai Burki ya shiga ƙarƙashinta, ya fito ya ce takalman burkin sun cinye, bututun man burkin kuma yana yoyo, ba za ta fita ba sai an canja. Mai kamfanin ya ce kayan gyara ba su iso ba, fasinja kuma ba sa jira, a ɗaure bututun a sa hannu a takarda. Mai Burki ya goge hannunsa da tsumma ya ce ba zai rubuta lafiya lau a kan abin da ya san ba lafiya ba, don gobe Lahadi, bai san da wane baki zai karɓi Jibin Ubangiji, gurasa da ƙoƙon da ake rabawa a coci, ba. Mai kamfanin ya ce to ya zaɓa, ko biro ko ƙofa. Mai Burki ya ajiye sifana a kan teburi ya nufi ƙofa.

Gajere ne ya ɗauki biron. 'Ya'ya huɗu gare shi, Auta tana goye.

Kuma Lamba Tara ba ta faɗi ba. Ta yi ta zirga-zirgarta har ta tsufa aka sayar da ita ga masu gwangwan. Gajere ya zama shugaban kanikawa, ya zama manaja, ya gina gida mai baranda da ƙofar ƙarfe. Mai Burki kuwa aka ɓata masa suna a duk garejin garin, aka ce mai taurin kai ne, ba wanda ya ɗauke shi. Ya kafa rumfa a ƙofar gidan haya yana facin keke da gyaran risho, matarsa Tela tana ɗinki a ɗaki. Allah bai ba su haihuwa ba.

A lissafin Manaja shi ne ya ci riba, kuma abin da ya hana shi sakat ke nan, domin ribar ba ta taɓa yi masa daɗi ba. Shi ne dattijon ikilisiya, shi ya sa wa coci sabon rufi, kujerarsa tana sahun gaba. Amma duk wanda aurensa ya rikice ko ɗansa ya lalace, ba falon Manaja yake zuwa ba, benci yake nema a rumfar mai faci. Mai Burki kuma ba wani wa'azi yake musu ba, yana goga roba yana saurare, in an gama ya ce a sunkuyar da kai a yi addu'a. Ita ma Auta tun tana ƙarama ta gano wata kafa a jikin katanga. A can ta koyi addu'ar Ubangiji, a can ta fara kai sakamakon jarrabawa kafin ta kawo gida. Baban Ƙetare take ce masa.

Sai da rana ta take Auta ta shigo. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa yana duban jarida. Bayan sun ci abinci ta ce ita da mijinta sun yi shawara, in namiji ta haifa sunan Baban Ƙetare za su sa masa, tun da shi ba shi da wanda zai ɗauki sunansa. Ta riga ta faɗa masa, har ya yi hawaye.

Manaja ya ture kwanon abinci gefe. Jikokinsa biyar, duk mata, wannan yake sa wa rai zai ɗauki sunansa.

"Allah ya sauke ki lafiya," ya ce.

"Baba, ya kuma ba ni saƙo. Ya ce ka zo da rezarka. Fasto zai kawo masa Jibin Ubangiji ran Alhamis, ba ya so a same shi da gemu buzu-buzu. Hannunsa rawa yake, mu mata kuma ya ce ba zai ba mu wuyansa ba."

"Masu aski sun ƙare a garin ne?"

"Kai ya ce, Baba."

Kwana biyu bai je ba. Daga baranda yake kallon masu shiga da fita: matan coci da kuloli, tsofaffin direbobi, wata mai sayar da gawayi da ba ta ma zuwa cocinsu. Ya tuna lokacin da aka kwantar da shi asibiti bara, yadda aka zo masa rukuni-rukuni da katin gaisuwa, kowa yana duban agogo. A nan kuwa mutane zama suke yi har sai Tela ta roƙe su su bar mara lafiya ya huta.

Ran Alhamis da safe ya sa farar rigarsa mai dogon hannu, ya ɗauki reza da sabulu da buroshi. Ba tausayi ne ya kai shi ba. Akwai maganar da yake so ya ji daga bakin mutumin kafin ya tafi.

Ɗakin ƙarami ne, gado ya cinye rabinsa, keken ɗinki a lungu an rufe shi da zane. Mai Burki yana jingine da matasai biyu, ƙafafunsa sun kumbura, fuskar ta faɗa. Littafi Mai Tsarki yana gefen filo, bangonsa an manne shi da robar faci.

"Gajere, ka zo," ya ce. Duk duniya shi kaɗai ya rage mai kiransa haka.

Tela ta kawo ruwan ɗumi a kwano ta fita. Manaja ya shimfiɗa masa tawul a ƙirji, ya shafa kumfa, ya fara daga kumatun dama. Sun ɗan taɓa hirar mutanen gareji, wanda ya mutu da wanda ya makance. Da rezar ta iso haɓa, Manaja ya saki abin da ya daɗe yana ɗauke da shi.

"Lamba Tara ta yi shekara tara a bayanka. Ko akuya ba ta taɓa takewa ba."

"Tara da wata huɗu," in ji Mai Burki. "Ni ma ina ƙirgawa."

Manaja ya ɗaga rezar. Mara lafiyan ya huta, sannan ya ci gaba a hankali, kumfa tana motsi a leɓensa. Ya ce kullum da safe ta gaban rumfarsa take wucewa, kuma kullum yakan roƙi Allah ya kai ta lafiya. Amma a shekara ta uku, lokacin da suka koma ɗaki ɗaya, Tela tana ɗinki har idonta ya fara lalacewa, mutane kuma suna nuna shi suna dariya, akwai safiyoyin da bakinsa ke addu'a zuciyarsa tana wani abu dabam. Yakan kasa kunne ko zai ji an ce ta faɗi, don a san ba hauka ya yi ba.

"Da mutane a ciki, Gajere. Mutum sittin. Kuma hannunka ne a takardar, kai za a ɗaure. Na faɗa wa Ubangiji tuntuni, na san Yesu ya ɗauke mini. Kai ne ban faɗa wa ba. Ka yafe mini."

Manaja ya tsoma rezar a ruwa ya daɗe yana kaɗawa. Ya zo ne ya ji nadama daga bakin Mai Burki, ga ta kuma ya ji, amma ba irin wadda yake so ba. Har neman gafarar ma mutumin nan ya riga shi.

"Da za a mayar da kai ranar, za ka sa hannu?"

"A'a. Burkin ba shi da kyau." Ya yi 'yar dariya da ta koma tari. "Amma kada ka ɗauka da sauƙi na sha. Na yi faɗa da Allah ba sau ɗaya ba. Sai dai ban san wurin wanda zan koma ba in na bar shi."

"To, ba komai."

"Ba komai ba amsa ba ce."

"Na yafe," Manaja ya ce. "Ɗaga haɓarka."

Ya aske wuyan a hankali, yana bin ƙasusuwan da suka fito. Akwai magana a maƙogwaronsa shi ma, game da biron nan, game da yadda bai taɓa buɗe baki ya ce a mayar da abokinsa aiki ba ko bayan da ya samu iko. Yana cikin neman ta inda zai fara aka yi sallama. Fasto ya shigo, Auta da Tela a bayansa, sai wasu mata uku, ɗakin ya cika. Fasto ya yaba askin, ya ce ango ya fito. Aka karanta Zabura, aka gutsura gurasa. Da ƙoƙon ya zo, hannun Mai Burki ya kasa riƙewa, Manaja ne ya tallafe masa ƙeya ya kai masa baki. Ya ga yadda mutumin ya lumshe ido bayan ya haɗiye, kamar wanda ya sauke kaya a ƙofar gida. Shekara nawa Manaja yana shan ƙoƙon nan a sahun gaba, bai taɓa jin abin da ya gani a wannan fuskar ba, kuma ya so shi har cikin ransa.

Ya tattara kayan askinsa ya ce zai dawo gobe su ƙarasa hira.

Washegari kafin sha biyun rana Mai Burki ya cika, Auta tana riƙe da hannunsa. Manaja yana baranda yana ɗaura igiyar takalmi zai tafi, sai ya ji kukan Tela ya tashi sau ɗaya, daga nan matan suka ɗauki waƙar yabo a hankali. A cikin muryoyin ya tsinci ta 'yarsa. Ya zauna da takalmi ɗaya a ƙafa har waƙar ta ƙare.

Aka binne shi ran Asabar. Cocin da Manaja ya sa wa rufi bai ɗauki mutanen ba, wasu a rana suka tsaya. Aka nemi ya yi magana a matsayinsa na tsohon aboki, ya tashi ya ce marigayin ya san aikinsa, ya koma ya zauna.

Ran Litinin matarsa tana tattara kayan wanki ta ɗauko farar rigar daga bayan ƙofa. Ya ce ta bar wannan tukuna. Ta ce ai ta yi datti, ya ce ya sani. Da ta fita ya shimfiɗa rigar a gwiwarsa kusa da taga. A bakin hannun dama, inda kumfa ta bushe, guntayen furfura ne maƙale a zaren, ƙanana kamar gishiri.