Matar Bakin Taga

Tun bai gama ɓamɓare salatif ɗin bakin gwangwanin ba warin tsami ya doki hancin Mai Majigi. Mutumin da ya shekara talatin yana haska fim, kafin a mai da silimar ɗakin ajiyar siminti, ai ba sai an gaya masa ma'anar wannan wari ba.

Ya ɗaga murfi. Naɗin fim ɗin ya yi danƙo, ya manne da juna. Ya ja bakinsa a hankali, ya gutsure a hannunsa. Gwangwani na biyu ma haka, na uku har ya fi. Abin haushin, shi ya yi wa kansa. Don gudun ƙura ya liƙe su ruf ya tura ƙarƙashin gado, alhali da bakinsa ya sha gaya wa abokan aiki cewa fim sai da shan iska. Tsabar so ta sa ya shaƙe abinsa.

"Baba, lafiya?" in ji 'yarsa, wadda ke rataya bargo a taga don ta tare hasken rana.

"Fim ɗin ya mutu."

"To faɗi sunansa in nemo a waya."

Wane suna? Tun da fim ɗin ya zo hannunsa ba shi da farko, rubutun jikin gwangwanin kuma ba wanda ya taɓa iya karantawa. Shi da matarsa "Matar Bakin Taga" suke ce masa. Baƙi da fari ne, wata mata tana jiran jirgin ƙasan da bai zo ba, tana rera bulus, waƙar nan ta mutanen da duniya ta gasa, wadda murya ke jan ƙafa kamar mai dawowa daga aiki. Shi a wajensa, tun da launi ya shigo fim aka daina kallon fuskar mutum, sai tufafinsa.

Likita ya ce ganin matar tasa yana tafiya, ba magani, saura 'yan watanni ta makance. Ba ta roƙi komai ba sai ta sake ganin fim ɗin nan, wanda suna sabon aure take kallo a tsaye kusa da shi ta 'yar kafar ɗakin majigi.

'Yar ta shigo da ita, ta zaunar da ita tana fuskantar bango.

"Mai Majigi," in ji matar, "tsufa ne ya riƙe maka hannu? Da ba ka sa mutane jira."

Ya fasa gaya mata fim ɗin ya lalace. Sai kawai ya kunna majigin babu komai a ciki, ya ɗora wani tsohon faifan bulus a garmaho. Jita ta fara kuka. Farin haske ya faɗa bango, ba kowa a ciki sai tsaga da ƙusa ɗaya.

"Ga ta nan!" in ji tsohuwar. "Har yanzu da farar rigarta. Amma waƙar kamar ta canja."

"Kunnenki ne, 'yar tsohuwa."

Ya ɗauka rufa masa asiri take yi, don halinta ne. Har ya fara jin sanyi a ransa, sai ƙwan majigin ya yi fat, ya ƙone. Ɗakin ya yi duhu, saura ƙarar inji da muryar mawaƙiyar.

Tsohuwar ko gezau. Ƙara matsowa ta yi.

"Dubi yadda take dafa gilashin. Kai, baiwar Allah, jirgin nan ba zai zo ba."

'Yar ta toshe baki ta fice. Shi kuwa ya zauna a gefen gado. Ashe watannin likita sun daɗe da ƙarewa, ta riga ta makance, ita ce ba ta faɗa ba.

Ta laluba har ta samu hannunsa, ta riƙe.

"Fim ɗin nan ko ɗigo bai yi ba," ta ce. "Kai dai ka iya ajiya."

Bai kashe injin ba. Ya bar shi yana ta juyawa.