Baƙon da Ba Ya Rage Tuwo

Kwanon ya dawo daga zaure tas, kamar an wanke shi da sabulu. Raliya ta leƙa ciki, ta dubi 'ya'yanta da suka yi cirko-cirko suna jiran ragowar baƙo. Ko miyar gefe bai bar musu ba.

Baƙon wani Bature ne ɗan yawon buɗe ido, ƙato har mutanen garinsu Kebbe suka raɗa masa Ɗangiwa. Mijin Raliya, Namadi, ɗan kabu-kabu, shi ya ɗauko shi daga tashar Tambuwal zai ga kasuwar shanu, ya kuma sauke shi a gidansa. Tun ranar Namadi ya koma gaida mutane da hannu ɗaya.

"Bai ƙoshi ba," in ji Namadi. "Wanda ya ƙoshi shina ragewa. Ƙara mai!"

"Ɗiyanka hwa?"

"So kike a ce gidana anka bar Nasara da yunwa?"

Ta ƙara. Ta kuma laɓe jikin zana don ta ga irin cikin da Allah ya ba bawan nan. Sai ta gan shi yana zufa, ya kwance maɓallin wando, yana tura loma kamar mai haɗiyar magani. Haushinta ya koma tausayi.

*

Malam Isah, malamin makarantar da ke masa tafinta, shi ya warware mata. A garinsu Ɗangiwa, barin abinci a kwano cin fuskar mai girki ne. Ya koyi cire takalmi da cin tuwo da hannun dama, wannan ɗaya ce ba wanda ya gaya masa.

"To a gaya mai mana!" in ji Raliya.

Namadi ya zaro ido. "In ce ma baƙo shi rage? Ke, ina kunyarki?"

Haka aka yi ta yi, mai ci na wahala, mai dafawa na wahala. Zakara ya tafi, zabi suka bi shi. Da hatsi ya ƙare, Namadi ya sauko da damin geron da Raliya ta keɓe na iri, ga shi hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ta riƙe damin har da kuka, ya fizge.

Ranar tafiya Ɗangiwa ya dafa ƙirji ya yi jawabi, Malam Isah na fassarawa: ya zaga ƙasashe, bai taɓa ganin masu wadata irin mutanen Kebbe ba. Zai gaya wa duniya ƙarya ake yi, babu yunwa a nan. Namadi har da tafi.

*

Ruwan shuka ya sauka ranar Laraba. Da safe maƙwabta suka wuce gona, sungumi a kafaɗa. Namadi na bakin tasha yana nuna hotonsa da Bature a waya. Raliya kuwa tana durƙushe gindin turmi, tana tsintar ƙwayar gero ɗaya-ɗaya daga cikin laka tana zubawa a murfin kwalba.