Kwarin Dugabau Ba Shi Da Ƙugiya

A Dugabau idan aka ambaci Malam Nata'ala, kowa da abin da zai ce. Matan unguwa su ce ba a jin bakinsa sai wajen sallama. 'Yan majalisa su ce rediyonsa ya fi shi magana, don ko noma yake, yana rataye a reshen marke yana yi masa hira. Taubashinsa Ƙasim kuwa cewa yake, "Wanda ya shiga aji da furfura, ai alli ma tsoronsa yake ji." Da gaskiyarsa ta wani gefen, domin sai da Nata'ala ya haura hamsin ya shiga ajin yaƙi da jahilci a Kabo, shekara uku yana zuwa a keke.

Abin da ya hana shi sukuni bana kwari ne. Ruwan sama ya tsaga ƙasa a yammacin gari, kowace damina ramin na ƙara baki. Ya haɗiye rabin gonar maƙwabcinsa, saura taku tara ya iso wadda Nata'ala ya gada daga mahaifinsa.

Akwai wani shirin rediyo da ba ya wuce shi kowace Alhamis bayan la'asar, Kunnen Ƙauye, inda wata Zulaihat ke karanta koken mutanen karkara, ta kuma bi waɗanda abin ya shafa har sai sun amsa. Sai ya yago takarda, ya zauna tun hantsi har azahar, ya rubuta: "Kwari na cin gonakinmu ɗaya bayan ɗaya. Muna roƙon a dube mu kafin abin ya fi ƙarfinmu." Ya ba direban motar Kano ya miƙa masa.

Ran Alhamis majalisa ta cika a gindin dalbejiya. Aka kira sunansa, aka kira Dugabau, sannan Zulaihat ta karanta da murya garau: "Ƙwari na cin gonakinmu."

Kwana huɗu tsakani sai ga ma'aikatan gona biyu a babur, da tankin feshi a baya. Suka zaga dawa, suka ɗaga ganyen wake, ko tsutsa ba su gani ba. Da aka nuna musu ramin, ɗaya ya ce, "Wannan ai ba ya jin feshi," suka juya.

Ƙasim ya samu na yi. "Malam mai alli! Ka kira mana maganin sauro ya cike rami. Ƙugiya ɗaya tak, ka bar ta a Kabo?"

"Ban bar komai ba."

"To rediyo ce ba ta iya karatu ba kenan? Jama'a, ku ji fa!"

Ba dariyar ce ta fi cin Nata'ala ba. A makon aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, taku tara ya koma shida.

Da aka sanar cewa masu shirin za su zo ɗaukar muryoyi ran kasuwar Gwarzo, ya sa farar rigarsa ta Juma'a ya hau mota. Ya tsaya a layi bayan masu kukan taki da masu kukan rijiya, har rana ta take. Da aka zo kansa ya gaida Zulaihat, ya tambayi hanya da mutanen gida, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi.

Zulaihat ta yi murmushi. "Baba, saƙonnin da muke samu ta waya duk ba ƙugiya suke zuwa. Mu muke saka musu da baki."

"Nawa ba ta waya ya zo ba, 'yata. Da hannuna na rubuta. Ki koma ki ƙirga ƙugiyoyin, huɗu ne. Da akwai ta biyar da na sa."

Ta dube shi, murmushin ya ragu. "Zan duba, Baba."

Ya dawo bai gaya wa kowa ba.

Alhamis ta zagayo. Ƙasim ne ma ya ƙara muryar rediyon, wai a ji ko yau za a turo musu maganin ɓera. Bayan sallama sai Zulaihat ta ce kafin komai tana da gyara. Ta ce ta je Dugabau da kanta ran Talata, ta tsaya a bakin ramin har jiri ya kusa ɗibarta, kuma masu kula da zaizayar ƙasa sun yi alkawarin zuwa awo ran Litinin, za ta bi su da makirufo.

Ƙasim ya cire hula ya shiga sosa ƙeya. Nata'ala na zaune, hannu bisa gwiwa, idonsa a kan rediyo.

"Takardar tana gabana," in ji ta. "Na ƙirga, huɗu ne, kowace a mazauninta. Marubucin bai yi kuskure ba, ni na ƙara abin da bai rubuta ba, don na ɗauka mutumin ƙauye ne ya manta. Baba Nata'ala, a gaban jama'a na ɓata maka rubutu, a gabansu nake roƙonka. Don Allah ka yafe mini."