Sunan Oyelaran a Gaba

Ranar da hukumar kasuwar hannun jari ta ninka jarin da ake buƙata daga kowane dillali, Madam Mojisola Oyelaran dariya ta yi. Ba ga bene ba, ba ga motoci ba? Sai da mai binciken hukuma ya zo, ya shanye mata shayi, ya yaba ofishin, sannan ya ce bene ba ya shiga lissafi. Jari shi ne abin da za a iya mayarwa kuɗi yau yau idan masu hannun jari suka zo neman nasu. Nata rabi ne. Ko ta cika kafin ƙarshen wata, ko lasisi ya tafi, a sauke allon da marigayi mahaifinta ya kafa a titin Broad a Legas. Wannan allon ne ya tsaya mata a rai.

Mai rabi irin nata ɗaya ne a layin: Cif Bamidele Fagbenro, wanda ya daɗe yana janye mata abokan ciniki, kuma bai taɓa jin kunyar zuwa bikinta ya ci faranti biyu ba. Haɗewa ta zama dole. Suka zauna a shagon amala, kafin miya ta huce sun daidaita kan ofis da ma'aikata. Saura suna.

"Fagbenro da Oyelaran," in ji Cif, yana lasar yatsa. "Ko a kunne ya fi daɗi."

"Kunnen wa? Egbon, yayana, ka ji tsoron Allah. Lokacin da babana ya buɗe kamfani ko wando ba ka iya ɗaurawa ba."

"Ba kamfani ake tambaya ba, ƙanwata. Babba ne a gaba, haka muka tarar. Ai bara na ci shinkafar bikin cikarki shekara hamsin da biyar."

Nan fa ake yin ta. Duk Legas ta san Madam a hamsin da shida, amma tun tana budurwa ta zaftare shekaru masu kauri, ta yi ta rusuna wa Cif tana kiransa yaya. Shi kuma bakinsa ba ya riƙe magana, abin da ya ji da azahar kasuwa ta ji shi kafin la'asar. Ta dubi miyar ewedu, ta ji kamar ta nutse a ciki.

"Bamidele."

Loma ta tsaya masa a hannu. "Ni kika kira da sunana haka tsirara?"

"Kai na kira. Shekarar 'yancin kai aka haife ni, lokacin ko cikinka ba a ɗauka ba. Tambayi yayarka Ronke, bencinmu ɗaya a firamare."

Cif ya ƙura mata ido. Ya wanke hannu a natse, ya cire hula, ya tattare babbar riga, ya kwanta rub da ciki a gaban masu cin abinci, yadda yaran Yarbawa ke gaida babba.

"Anti, a yafe wa yaro."

"Tashi, munafuki, kafin bayanka ya riƙe!"

Ya tashi da ƙyar, hannunsa tuni yana laluben waya. Ba ta hana shi ba.

"Oyelaran da Fagbenro," ya ce. "Kuɗin amala kuma, babba ke biya."

Ta buɗe jaka tana dariya, hawaye na wanke mata hoda.